Sabis ɗin GPS ya yi shiru da anka kira shi daga wani furoses: amsa ga wani ƙanena

Wani ƙanena mai karatun kwamfuta a jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ya turo min tambaya, kuma da yake ba shi ɗai ke cin karo da abin ba gwamma in amsa a fili kowa ya ƙaru. Ga abin da ya rubuto a taƙaice:

"Yaya barka da aiki. Ina haɗa ma wani Alhaji manhajar Android, shina da kamiyoyi masu kai kaya Ɗan Isa da Tasawa da Dakoro, so yake ya riƙa ganin inda kowane direba yake. Na yi sabis mai ɗauko wurin da waya take, da AIDL nike kiran shi. Lokacin da sabis ɗin ke furoses guda da manhajar komi lafiya lau. Da na sa mishi android:process=":remote" sai abu ya birkice, wani lokaci in ga Can't create handler inside thread that has not called Looper.prepare(), wani lokaci shiru kawai ba wuri ba kuskure, wani lokaci kuma ekran ya daskare. Na sa Looper.prepare() a saman aikin, kuskuren ya ɓace amma har yanzu ba abin da ke zuwa. Mi zan yi?"

Ga wanda bai saba ba: furoses (process) shi ne manhaja mai gudu da nata memwar daban, AIDL kuma hanya ce ta Android ta kiran sabis daga wani furoses. Toh ƙanena, kafin komi je ka cire wanga Looper.prepare() ɗin da ka sa. Bai gyara komi ba, bakin kuskuren kawai ka toshe, gyaran gangar Abzinawa kenan. Abubuwa ukun nan da ka lissafa, kuskure da shiru da daskarewa, duk ciwo guda ne: kod ɗinka ya bar zaren (thread, wato layin aikin da kod ke gudu a kai cikin furoses) da ka saba ganin shi a kai ya koma wani, kai kuma ba ka sani ba.

Bari in gaya ma dalilin da ya sa da can abin ke aiki, don in ka gane wanga sauran duk mai sauƙi ne. Lokacin da mai kira da sabis ke furoses guda, Stub.asInterface ba ya ba ka wani wakili, ainihin abin da kanshi yake miƙo ma. Kenan in direba ya danna buton, kiran shina tahiya kai tsaye a kan babban zaren manhajar, wanda shi Android ta riga ta shirya mishi Looper, wato mai karɓar saƙonnin zare bi da bi, tun kafin layinka na farko ya fara gudu. Shi ya sa ka ga komi lafiya, sa'a ce kawai ta ɗauke ka. Da ka raba furoses sai hanya ta canza gaba ɗaya, yanzu wakili kake riƙe da shi, shina tattara abin da ka aiko cikin Parcel, ya miƙa ma Binder, mai ɗaukar kira tsakanin furoses, can cikin kanel (zuciyar tsarin Android), Binder kuma ya kai ɗaya gefen ya ba duk zaren da ya tarar ba ya aiki cikin tarin zaruruwan da ya aje don karɓar kira. A al'ada guda 15 ne iyakar waɗanda zai ƙara buɗewa bayan na farko, ka ce 16 duka. In ka buga sunan zaren a logcat, inda Android ke rubuta abin da ke faruwa, za ka ga wani abu mai kama da Binder:4312_2, lambar farko ta furoses ce ta biyu ta zaren. Waɗanga ba su da Looper, ba kai ke zaɓen wanda zai ɗauki kiranka ba, kuma kira biyu na iya shigowa lokaci guda kowane a kan nashi zaren.

Ka ɗauke su kamar ƴan turin baro na babbar kasuwa. Ɗan baro zai kawo kaya ya sauke ya wuce, yanzu shina layin ƴan atamfa anjima shina tasha. In ka aike shi wurin dillali ya ce "in kaya sun iso a kawo min", dillali zai tambaye shi a kawo ma ina, kai da ba ka da shago? LocationManager shi ne dillalin. Wurin da waya take ba abu ne da ake ba ka nan take ba, rijista kake yi a riƙa kawo ma daga baya, don haka dole sai da adireshi. Ita requestLocationUpdates ɗin da ba a ba ta Looper, wadda na tabbata ita ka kira, tana ɗaukar Looper na zaren da ya kira ta a matsayin adireshi, ta duba ta tarar babu, sai ta jefo ma wancan kuskuren. Mai shago ake buƙata, wanda ke zaune wuri guda shina jiran saƙo.

Shi Looper.prepare() layin saƙo kawai yake buɗe ma zaren, bai sa kowa ya zauna shina karantawa ba, mai karantawar shi ne Looper.loop(). Kenan yanzu GPS na iya samo wurin, tsarin ya zuba saƙon cikin layin, saƙo ya yi ta taruwa ba mai ɗauka, onLocationChanged ba za ta taɓa gudu ba. Ga batir na tahiya a banza tunda ka kunna GPS. Kuma na san abin da zai zo ma a rai, ka ce toh bari in ƙara loop() ɗin. Kada ka soma. Loop ba ya dawowa, zai riƙe wanga zaren har abada, wanda ya kira shina can tsaye shina jiran amsa, kuma kowane sabon kira zai cinye wani zaren daga cikin 16 ɗin nan har su ƙare sabis ya zama kurma, ba ya jin kowa. Ko a yadda ka bar shi yanzu ma akwai wata a gaba: ran da kira na biyu ya faɗa kan zaren da ka riga ka yi ma prepare za ka ga Only one Looper may be created per thread. Ran da ya faɗa kan wani daban ba za ka gani ba. Irin wanga ne ke sa mutum ya ce waya ta yi aljanu.

Sai batun shirun da ka ce ba kuskure. Akwai kuskure, ba ka dai duba inda yake ba. Binder ba kowane irin kuskure yake iya tsallakar da shi daga furoses zuwa furoses ba, ƴan kaɗan ne ya sani, irin su SecurityException, IllegalArgumentException, IllegalStateException, NullPointerException. RuntimeException tsura, wanda shi ne na Looper ɗin nan, ba ya cikinsu. Abin da kan faru shi ne a rubuta Uncaught remote exception a logcat na gefen sabis, sabis bai mutu ba, mai kira kuma ya ci gaba abinshi da hannu wofi. Kai kuma kana can ka tace logcat a kan furoses na manhaja kana jira. Cire tacewar ka duba duka, ko ka zaɓi furoses mai :remote a ƙarshen sunanshi.

Gyaran kanshi ba shi da yawa. A onCreate na sabis ɗin ka buɗe HandlerThread guda, wato zare mai nashi Looper, ka ba shi suna da za ka gane a logcat, ko "zaren-wuri" ne, ka kira start(), ka karɓi getLooper() ɗinshi ka gina Handler, mai tura mishi saƙo, a kai. Kar ka damu da cewa ko Looper bai gama shiryawa ba, getLooper() tana jira har ya shirya. Daga nan doka guda ce: duk abin da ya shafi wuri, wanga zaren ne kaɗai ke taɓa shi. Kunna GPS, kashe shi, jerin masu saurare, wuri na ƙarshe da anka samu, ƴar alamar nan ta "ana aiki ko ba a yi", duka nashi ne. Ayyukan AIDL ɗinka kuma su zama ƴan aike zalla, kira ya shigo, su yi post zuwa Handler, su dawo nan take, layi biyu ko uku ya ishe su. Wurin rijista ka kira requestLocationUpdates mai karɓar Looper a ƙarshe ka miƙa mata na zarenka. Daga Android 11 akwai wadda ke karɓar Executor, ita ma ta yi. In FusedLocationProviderClient na Google kake aiki da shi labarin bai canza ba, shi ma ba shi Looper ɗin da hannunka, kada ka tura null ka ce ya nema da kanshi, zai koma ya tambayi zaren Binder ne ku sake dawowa gidan jiya.

Abin da ya sa nike son wagga hanya ya fi batun Looper. Tunda zare guda ke da dukiyar, ba ka buƙatar synchronized ko guda, ba ka buƙatar zaman lissafin wa ya riga wa. Ka duba abin da ke faruwa in babu ita: direba ya danna "fara" ya danna "tsaya" da sauri, ko ekran ya juya Activity ta mutu ta taso, kira biyu sun shigo a zare biyu, na farko ya duba alama ya ga ba a aiki, kafin ya kunna na biyu ma ya duba ya ga ba a aiki, sai ku yi rijista sau biyu da masu saurare biyu, kashewa kuma sau guda. GPS ya kwana a kunne, da safe direba ya ce manhajar Alhaji na shan batir ya goge ta. Ko kuma wani zare na bin ArrayList na masu saurare wani na cire mutum daga ciki, ConcurrentModificationException. Mutane kan bi waɗanga ɗaya bayan ɗaya suna liƙa makulli, nan volatile can synchronized, har su wayi gari makulli biyu sun riƙe juna. In komi na bin layi guda zuwa zare guda, matsalar ba ta ma samun wurin tsayawa.

Wani zai ce mi ya hana a tura komi kan Looper.getMainLooper() a huta. Zai yi aiki, ban ce ba zai yi ba, kuma don gwaji na minti biyar ma shi zan ce ka fara yi ka tabbatar ciwon da na faɗa ne. Amma na san halin kod, yau wuri kawai kake karɓa, gobe ka ƙara rubutawa cikin SQLite a wurin, jibi ka ƙara aikawa saba (server) ta intanet. Aikin intanet a babban zare tun Android 3.0 ta 2011 anka hana, NetworkOnMainThreadException za ka sha, kuma ko da furoses na :remote ba shi da ekran, babban zarenshi ne ke karɓar onStartCommand da onDestroy da sauransu, in ka cushe shi tsarin zai ce sabis ya maƙale. HandlerThread layi huɗu ne, yi shi tun yanzu. A onDestroy ka tura removeUpdates ta Handler ɗin sannan ka kira quitSafely(), ita tana barin saƙonnin da lokacinsu ya yi su gama kafin ta rufe.

Wani ƙaramin tarko a nan. In kana duba wa ya kira ka da Binder.getCallingUid(), yi shi a cikin aikin AIDL ɗin kafin post, ka aje lambar. Da zaran ka tsallaka zarenka, ita wagga tambaya lambar manhajarka za ta ba ka, kenan kowa ya kira zai wuce a matsayin ɗan gida. In kuma ba wata manhaja ta waje da ke buƙatar sabis ɗin, sa exported ya zama false ka rufe ƙofa, wurin da direbobi suke ba abin bari a buɗe ba ne.

Yanzu daskarewar ekran, wanda a ganina nan ne ka fi buƙatar canza tunani. Ina kyautata zaton kana da wani aiki cikin AIDL mai kama da "ba ni wuri yanzu" wanda ke dawo da Location, a ciki kuma ka sa CountDownLatch ko wait kana jiran GPS ya amsa. Kiran AIDL na yau da kullum shina tsayar da wanda ya kira har sai an gama, in daga babban zare ka kira toh ekran ya tsaya kenan. Android kuma sakan 5 take ba ka, in mutum ya taɓa ekran ba a amsa ba cikin wanga lokaci sai ta fito da akwatin nan na manhaja ba ta amsawa. GPS kuwa ba ruwanshi da sakan 5 ɗinka. Tauraron GPS na aiko bayaninshi a hankali ƙwarai, bit 50 a sakan, in waya ta daɗe ba ta kama ba tana buƙatar wajen sakan 30 ƙarƙashin sarari kafin ta karanto inda taurarin suke, cikakken jadawalinsu kuma minti 12 da rabi yake ɗauka. Abin da ke sa ka ga kamar nan take ne a cikin gari shi ne waya na sauko da wanga bayani ta intanet. Direban da ya bar Maradi ya miƙi hanyar Dakoro, rezo na zuwa na ɗaukewa, ko megarshi ta ƙare, ba shi da wanga gata. Haka wanda ya shige ƙarƙashin rumfar kwano ana lodi, waya cikin aljihu, shi kam yana iya yin rabin awa ba ta kama ba. Kai kana gwaji a cikin gari da wifi, taga a buɗe.

Kuma jiran na iya zama na har abada ko da GPS ya kama. In ka yi kuskuren yin await ɗin a kan zaren-wuri da kanshi, saƙon da zai sake ka shina cikin layin wanga zaren, shi kuma zaren na tsaye shina jiran saƙon. Haka in babban zaren manhaja na jiran sabis, sabis kuma ya kira manhaja da amsa, amsar ta ce sai ta hau babban zare kuma a jira ta gama. Kowa na jiran kowa.

Maganin shi ne ka daina tambaya kana tsaye. Yi AIDL na biyu na amsa, mai aiki biyu, ɗaya na "ga wuri" ɗaya na "ba a samu ba, ga dalili". Manhaja ta yi rijista ta tahi harkarta. Sa oneway a gaban ayyukan, na zuwa da na dawowa duka, don kada mai kira ya jira kuma kada manhaja mai nauyi ta riƙe ma zaren-wuri. Ka dai san halin oneway: ba ta dawo da komi, kuskure ba ya biyo ta baya, shi ya sa dole ka yi ma rashin nasara hanyarshi ta daban. Kuma in furoses guda ne ba ta da wani tasiri, kira ne kai tsaye kamar kullum. Lokacin haƙuri kuma kai za ka yanke, postDelayed a kan Handler ɗin nan, in minti guda ko biyu ya wuce ba labari ka aika "ba a samu ba". In wuri guda tak kake so ba bibiya ba, getCurrentLocation na nan daga Android 11 tare da CancellationSignal na sokewa. Ita getLastKnownLocation tana da sauri amma tana iya ba ka null, ko ta ba ka wurin jiya, Alhaji ya ga kamiyo a Gidan Rumji alhali shina Madarumfa. Auna tsufan wurin da getElapsedRealtimeNanos, kar ka dogara da agogon waya, direbobi nawa ne agogonsu ke daidai.

In ka gama wanga, ciwon zai tsallako gefen manhaja, ina gaya ma tun yanzu don kada ka ce ban faɗa ba. Amsar da sabis ya aiko ita ma a kan zaren Binder take sauka, na manhajar wanga karon. Ka taɓa taswira ko TextView daga nan sai CalledFromWrongThreadException, mai cewa Only the original thread that created a view hierarchy can touch its views. Tunda kuma oneway ce, sau da yawa manhajar ba za ta faɗi ba, gargaɗi kawai za a rubuta a logcat taswira ta ƙi motsi. Tura ta babban zare da runOnUiThread ko Handler, can ka taɓa ekran. Ka yi rijista a onStart ka janye a onStop. In Kotlin kake rubutawa, callbackFlow da awaitClose na yi ma wanga da tsabta, amma ka sani coroutine ba ta sauke ma wajibcin sanin zare ba, ɓoye shi kawai take yi.

Masu saurare kuma kar ka zuba su cikin ArrayList, RemoteCallbackList anka yi don wanga aiki. Tana gane mai saurare ta Binder ɗinshi, abin da ke da amfani tunda mutum guda na iya iso ma da wakili daban a kowane kira, ka zo cirewa ka rasa shi. Kuma in furoses ɗinshi ya mutu ita ke share shi da kanta. Sharaɗinta guda: beginBroadcast ba ta yarda a shiga sau biyu lokaci guda, IllegalStateException za ta ba ka, don haka finishBroadcast ta zauna cikin finally, kuma daga zaren-wuri kaɗai za ka riƙa yin shela. Ka ga dokar zare guda ta sake biyan ka.

Mutuwar furoses ba abin mamaki ba ne a wurinmu. Yawancin direbobin nan ƙananan wayoyi ke hannunsu masu memwar giga 1 ko 2, ga WhatsApp ga TikTok, tsarin na kashe abin da ke baya don ya samu wuri. In sabis ya mutu kana tsakar kira DeadObjectException za ka gani, kama ta. onServiceDisconnected za ta zo, ka zubar da tsohon wakili, in onServiceConnected ta dawo ka sake rijista daga farko, don sabon sabis bai san ka ba bai san an taɓa kunna GPS ba. Mutane da yawa na manta wanga sai su ce zare ne, alhali rijista ce ta tahi da mamaci.

Akwai kuma abin da raba furoses ke yi ma static. Kowane furoses da nashi memwar, Application.onCreate sau biyu take gudu, singleton ɗinka biyu ne yanzu ba su san juna ba. In ka aje lambar direba ko makullin shiga saba cikin static bayan ya shiga, sabis null zai gani. SharedPreferences ma ba abin dogaro ba ce tsakanin furoses biyu, MODE_MULTI_PROCESS da ake fakewa da ita tun Android 6 anka ce a bari. Abin da sabis ke buƙata miƙa mishi ta AIDL.

Aikawa saba kuma zarenta daban. Wuri ya zo, rubuta shi cikin SQLite, shi kenan aikin zaren-wuri ya ƙare, wani Executor ko WorkManager ya kwasa ya aika lokacin da rezo ya samu. In ka sa aikawar cikin onLocationChanged, duk sanda rezo ya yi nauyi layin zai cushe har umarnin "tsaya" ma ya rasa hanyar wucewa. Kuma kar ka kwaso tarin wuraren ka turo ta Binder gaba ɗaya. Lissafa da kanka, wuri guda kowane sakan 10 na awa 10 ya zama 3600, shi kuwa Binder wajen mega 1 ne ke gare shi na dukan kiran da ke kan hanya a furoses ɗin, ka wuce ka sha TransactionTooLargeException. Turo kaɗan-kaɗan ko ka bar manhaja ta karanta daga ma'ajiya.

Kafin ka ɗora ma zare kowane shiru, ka tabbatar ba dokokin Android ne sunka taka ka ba, don kamanninsu guda. Daga Android 8 ta 2017 manhajar da ke baya sau ƴan kaɗan a awa ake ba ta wuri. Android 10 ta kawo izini na daban na wuri a baya, Android 12 ta ba mutum damar ba ka wuri na kusan-kusan maimakon na daidai kuma ta tsaurara tada sabis na gaba (foreground service) daga baya, Android 14 ta wajabta ka faɗi nau'in sabis ɗin tare da izinin FOREGROUND_SERVICE_LOCATION. Aiki irin naka sabis na gaba yake so, mai sanarwa a saman ekran, wanda direba ya kunna da hannunshi manhaja na buɗe. Ni ina ma ganin sanarwar nan alheri ce, direba ya san ana ganin shi lokacin aiki, in ya sauka ya kashe. In Alhaji ya ce a ɓoye ta, gaya mishi bai dace ba.

Tambayar da ban ji ka yi ba ita ce ko kana ma buƙatar :remote ɗin. Ina zargin ka sa shi ne da tunanin zai sa sabis ya yi aiki a baya ko ya hana a kashe shi. Ba ya yin ko ɗaya. Sabis ba zare ba ne, raba furoses kuma memwar yake ƙara ci a wayar da dama ba ta da ita. Inda yake da ma'ana shi ne in wata manhaja daban ce za ta kira sabis ɗin, ko kana da wani kod na C mai yawan faɗuwa kana so in ya faɗi kada ya ja ekran. In ba haka ba cire layin nan daga manifest, yi Binder na gida, ka riƙe HandlerThread ɗinka, rabin abin da na rubuta a sama ya daina shafarka. In kuma dole sai an raba, duba Messenger na Android (ba na Facebook ba) kafin AIDL, shi da kanshi yake jera duk saƙonni su bi Handler guda, wato dokar da nike ta nanatawa an riga an gina ta a ciki.

Wurin gwaji, sa layin da ke buga sunan zare a farkon kowane aikin AIDL, da cikin onLocationChanged, da inda amsa ke sauka a manhaja. Na farko ya nuna Binder, na biyu zaren-wuri, wurin taɓa ekran kuma main, in ka ga saɓanin haka ka kama ɓarawon. Dibaga ta Android Studio sai ka liƙa ta ga furoses na :remote daban, in ba haka ba za ta wuce wuraren tsayawarka ba ta ko waiga ba. Kunna StrictMode lokacin haɗawa. Rubuta ɗan gwaji mai buɗe zare 20 su yi ta kiran fara da tsaya a hargitse, sannan ka kashe furoses na sabis da hannu ta adb da run-as ka ga ko manhaja ta sake rijista. Emulato za ka iya ba ta 13.5 da 7.1 ta aje ka Maradi, amma ita nan take take amsawa don haka ba za ta nuna ma ciwon jira ba, sai ka ɗauki ƙaramar waya irin ta direbobin, kashe data, kashe ekran, sa a aljihu ka hau kabu-kabu zuwa Tibiri ka dawo ka duba abin da ta rubuta. Bayan ka danna "tsaya" buga adb shell dumpsys location ka nemi sunan manhajarka cikin masu rijista na yanzu, in ka gan shi toh akwai removeUpdates da ba ta gudu ba, turo min wanga shafin tare da fayil ɗin AIDL ɗinka in duba.